Wa Ake Kira Kirista? Sharhi Daga Ollelewa

 

Maganar da na ɗauko yau, na san wani zai ce me ya kawo ta Damargu, ƙasar da in ka tara mutum ɗari da wuya ka sami ɗaya da ba ya salla. Tambayar ita ce: me mutum zai gaskata kafin a ce masa Kirista? Ni Musulmi ne, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Abin da ya sa na ga ta cancanci lokacinku shi ne, tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙasar kwamin ɗinmu na Ollelewa cikin watan Nuwamba na 2011, baƙi sun ƙaru a tsakaninmu: ma'aikata, sojoji, malaman lakwal, ma'aikatan likita, masu gyaran mota, ƴan kasuwa daga kudu. Muna ciniki da su, muna ba su hayar ɗaki, ƴaƴanmu na zama aji ɗaya da nasu, muna kuma laƙaba musu suna ba tare da mun san abin da sunan ya ƙunsa ba.

Dubi yadda muke yanke hukunci. Mota ta wuce da farar fata a ciki, yara su bi ta da gudu suna "Anasara! Anasara!", babba kuma ya kammala a ransa cewa Kirista ne ya wuce. To ai injiniyoyin da suka gina matatar nan daga ƙasar Sin suka zo, kuma mafi yawan mutanen Sin ba Kirista ba ne. Faransa kanta tun 1905 ta kafa dokar da ta raba gwamnati da coci, kuma yau akwai miliyoyin Faransawa da za su faɗa maka da bakinsu cewa ba su da addini ko kaɗan. A ɗaya gefen, ƙasar Habasha, ta baƙar fata irinmu, sarkinta Ezana ya karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, fiye da shekara 100 kafin sarkin kakannin Faransawa ya karɓa. Mafi yawan Kiristocin duniya a yau, su fiye da biliyan 2, ba a Turai suke ba.

Suna ma ba ya nunawa. Baturen Jamus nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a Damargu cikin watan Janairun 1851, ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a Tagelel ya nufi Tasawa da Katsina da Kano, da sunan Abdulkarim ya yi yawonsa, alhali Kirista ne. Alama ma haka. Sarƙar azurfar nan ta Agadas da maƙeran Buzaye ke ƙerawa, wadda baƙi ke rububin saye saboda ta yi musu kama da gicciye, a wuyan Musulmi take kaka da kakanni. Kama da wane ba ta wane.

Wataƙila ka taɓa zama benci ɗaya wurin mai shayi da wani mutum mai tsagen Gobirawa a fuska, da riga da hula. Ya yi maka sallama, ka amsa. Ka tambaye shi gida, ya ce "alhamdu lillahi". Kuka yi maganar damina, ya ce "in Allah ya yarda bana za a samu". Sunansa Musa ko Yakubu, matarsa Hannatu ko Maryamu, tuwon gero yake ci, ya kuma san gaisuwar surukai fiye da kai. Sai ran Lahadi da hantsi ka gan shi ya fito fes da wani littafi mai kauri, mai baƙin bango, a hammata, gefen shafukan duk ya yi laushi saboda yawan buɗawa. Ka leƙa, ka ga da Hausa aka rubuta. Wannan bawan Allah Bahaushe ne, ɗan ƙasa, wataƙila kakansa ne ya fara bin wannan hanya. Ƴan mishan na SIM a Damagaram suka fara aiki a 1924, daga baya suka kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suka yi wurin jinyar kutare a Danja. Daga aikinsu ne ekklisiyar EERN ta fito a lokacin samun ƴancin kai. Katolika kuma, tun 2001 jihar Damagaram tana ƙarƙashin bishop ɗin Maraɗi. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma akwai su, kuma ba jiya suka zo ba.

Rashin bambance waɗannan abubuwa mun ga abin da ya jawo. Ran Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, aka fito zanga-zanga saboda zanen ɓatanci da jaridar nan ta Faransa, Charlie Hebdo, ta buga. Ɓacin ran gaskiya ne, babu Musulmin da zanen bai sosa masa rai ba. Amma a kan wa aka huce? Mutum goma suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙona. A Damagaram ɗaruruwan mutane, mata da yara a ciki, a barikin soja suka kwana. Alhali masu wancan zane ba mutanen coci ba ne. Shekara da shekaru suna yi wa Paparoma ba'a, suna zana Annabi Isa alaihis salam a wulaƙance, har ƙungiyoyin Katolika sun sha kai su kotu. Kwana ɗaya tal kafin a ɗora wuta a Damagaram, Paparoma Faransis, yana cikin jirgi zuwa ƙasar Filifin, ya gaya wa ƴan jarida cewa bai halatta a ci mutuncin addinin wasu ba. Wanda ya goyi bayanka a kan maganar, shi ka ƙone wa ɗakin ibada. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Allah ya saka wa maƙwabtan da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye mutane a ranar.

To, wa ke da hurumin faɗin wane ne Kirista? A ganina, masu abin. In ana gardamar iyakar gona, masu gonar ake tambaya da dattawan da suka ga an dasa gambar, ba mai wucewa kan jaki ba. Mu Musulmi ba za mu yarda wani na waje ya zo ya tsara mana sharuɗɗan shiga Musulunci ba. Muna da kalmar shahada, muna da rukunan imani shida. Su ma suna da nasu, a rubuce, tun kafin a haifi Annabi sallallahu alaihi wa sallam.

Abu na farko da ya kamata mu gane: son Annabi Isa ba ya mai da mutum Kirista. Da haka ne, da duk wanda ke sauraro na yanzu Kirista ne, don imanin Musulmi ba ya cika sai da Isa ɗan Maryam. Mun yarda an haife shi ba uba. Mun yarda ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da izinin Allah. Muna kiran sa Almasihu. Muna jiran dawowarsa a ƙarshen zamani. Muna da sura guda, ta 19, da sunan mahaifiyarsa. Duk wannan mu da su mun haɗu a kai. Inda hanya ta rabu wuri uku ne, kuma su ukun nan su ne ginshiƙin abin.

Na ɗaya, wane ne shi? Kirista ya ce Yesu, kamar yadda suke kiran sa, ba annabi ne kawai ba. Ya ce Kalmar Allah ce da ba ta da mafari ta zama mutum, don haka shi Allah ne cikakke kuma mutum ne cikakke. Shi ya sa suke ce masa Ubangiji, suke ce masa Ɗan Allah. A nan zan ɗan dakata, don wurin da aka fi yi musu ƙage ke nan. In ka tambayi fasto ko fada, zai gaya maka ba sa nufin Allah ya yi aure ya haihu kamar ɗan Adam, kuma su ma saɓo suke ɗaukar wannan magana. Zai gaya maka ba alloli uku suke bauta wa ba, Allah ɗaya ne, wanda suka ce ya bayyana kansa a matsayin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, abin da suke kira Triniti. Nana Maryam kuma ba ta cikin ukun. Musulmi ya ji wannan bayani har ƙarshe, zai ce duk da haka bai yarda ba. Alƙur'ani ya kira Isa kalma daga Allah, amma a wurinmu ma'anar ita ce an halicce shi da umarni, kamar yadda aka halicci Annabi Adamu, shi bawa ne kuma manzo. Suratul Ikhlas da ayoyin Ma'ida sun rufe mana wannan ƙofa. Saɓanin yana nan daram. Abin da nake roƙo kawai, in za ka ƙi maganar mutum, ka ƙi wadda ya faɗa, kada ka ƙirƙira masa wata ka sa a bakinsa.

Na biyu, gicciye. Kirista ya gaskata an gicciye Yesu a Urushalima, wato Birnin Ƙudus, a zamanin gwamnan Rumawa Bilatus Babunti, ya mutu mutuwa ta gaske, kuma mutuwar tasa fansa ce ta zunuban mutane. A wurinsu ceto daga nan yake fitowa, alheri ne da Allah ya yi wa bayi, ba ladan aikinsu ba. Mu kuwa aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta gaya mana ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma a aƙidarmu babu mai ɗaukar nauyin laifin wani.

Na uku, tashi daga matattu a rana ta uku. Mu nan Kirsimeti muka fi sani, saboda ranar hutu ce, ana dafa shinkafa da kaji a aika wa maƙwabta. Amma a lissafinsu babbar salla ita ce Ista, idin tashin Almasihu. Manzonsu Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga mutanen Korinti, ya ɗora addinin gaba ɗaya a kan wannan batu, ya nuna in aka cire tashin, babu abin da ya saura.

Kada ku zaci su kansu sun cimma wannan matsaya cikin ruwan sanyi. Sunan Kirista ma, littafinsu na Ayyukan Manzanni ya ce a birnin Antakiya aka fara kiran mabiya da shi, kuma tun daga farko ana ta muhawara a kan iyakarsa. Babbar rigimar a Afirka ta tashi. A birnin Iskandariya ta Masar akwai wani limamin coci mai suna Ariyus, ɗan asalin Libiya, mai baki da farin jini. Ya ce Almasihu shi ne mafi ɗaukaka cikin halitta, ta wurinsa aka yi komai, amma shi ma halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Maganar ta bazu daga majami'u har kasuwanni da tashoshin jiragen ruwa. Da sarkin Rum Kustantin ya ga daularsa za ta dare biyu, sai ya tara bishop-bishop wajen 300 a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya, a shekarar 325. Taron ya ƙi maganar Ariyus, ya rubuta cewa Ɗan ba halittacce ba ne, zatinsa ɗaya da Uban. Rigimar ba ta mutu nan take ba. Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya ya tsaya kai da fata a kan hukuncin Nikiya, sau biyar ana korar sa daga kujerarsa. Sai a 381, a taron Kustantiniya, aka ƙarasa rubutun, aka ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Wannan rubutu, Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, a 2025 ya cika shekara 1700 daga taron 325, kuma har gobe Katolika da Otodoks da Angalikan da ƴan Luta suna tashi tsaye su karanta shi ran Lahadi. Ekklisiyoyin bishara irin EERN, ko waɗanda ba su saba karanta shi da baki ba, abin da ke ciki shi suke koyarwa.

Da aka kafa Majalisar Ekklisiyoyi ta Duniya a Amsterdam a 1948, sharaɗin shiga bai wuce wannan ba: a shaida Yesu Almasihu Allah ne kuma Mai Ceto. A taron New Delhi na 1961 aka ƙara ambaton Littafi da Triniti.

Bayan waɗannan, saɓani a tsakaninsu ba ya ƙirguwa, kuma ba ƙarami ba ne, don Turai ta sha zubar da jini a kansa bayan Martin Luther ya yi wa Roma bore a 1517. Wasu na bin Paparoma, wasu ba sa bi. Fada ba ya aure, fasto na yi. Littafin Katolika littattafai 73 ne a ciki, na Furotesta 66. Wasu na neman addu'ar Nana Maryam, wasu na ganin hakan kuskure ne babba. Wasu ibadarsu a natse, wasu da ganga da rawa har gari ya ji. Giya ma da muke ɗauka tambarin Kirista ce, ekklisiyoyin da suka fito daga SIM sun hana mabiyansu ita, ana kuma yi wa mashayi horo a gaban jama'a. Duk da haka yawancinsu a yau ba sa cire wa juna sunan.

Waɗanda ake takaddama a kansu su ne suka taɓa ginshiƙin. Shaidun Jehobah, masu bi gida-gida da ƴan mujallu, waɗanda tushensu ya faro a Amurka cikin shekarun 1870, suna kiran kansu Kirista, suna karanta Littafi Mai Tsarki fiye da mutane da yawa, amma sun ƙi Triniti, sun ce Almasihu halitta ne. Kusan maganar Ariyus ce ta dawo, shi ya sa sauran ekklisiyoyi ba sa lissafa su. Haka ƴan Mormon, da Joseph Smith ya kafa a 1830, masu ƙarin littafi nasu na daban. A 2001 fadar Batikan ta ce ba ta amince da baftismarsu ba. Ma'aikacin ƙidaya in ya zo, abin da mutum ya faɗa zai rubuta, kuma daidai ya yi, don ba aikin hukuma ba ne ta auna zuciya. Mu ma ƴan jarida abin da ya dace mu ce shi ne: suna kiran kansu Kirista, manyan ekklisiyoyi ba su yarda ba.

Amma misalin da ya fi kama hankalina a ƙasar Hausa ya faru. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, wajen shekarun 1860, an yi wani malami, Malam Ibrahim. Bai taɓa ganin ɗan mishan ba. Alƙur'ani yake karantawa, yana bin duk ayar da ta ambaci Isa ɗan Maryam, har ya kai ga ɗaukaka shi sama da yadda malaman gari za su lamunta, ya tara almajirai suna jiran dawowarsa. Aka kira shi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kurmi. Mabiyansa, da aka riƙa kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu ƙasar Zazzau. To su waɗannan mene ne su? Mutum ya ba da ransa saboda Isa. In ƙauna ce ma'auni, wa ya fi shi? Amma Isawan farko a kan tauhidi suke, ba su ce Isa Allah ne ba, ba su gaskata an gicciye shi ba, ba su san baftisma ba. A ma'aunin Nikiya ba Kirista ba ne, a wurin malaman Kano kuma sun kauce. Sai a 1913 wasu daga zuriyarsu suka je Zariya wurin Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, suka ji Linjila, aka koyar da su. Waɗanda suka karɓi maganar gicciye da tashi aka yi musu baftisma suka zauna a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, daga baya jama'ar mishan ɗin ta koma Wusasa. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Labarin ya nuna daidai inda layin yake: kakanni sun tsaya a bakinsa shekara kusan 50, jikoki suka tsallaka, kuma abin da suka tsallaka da shi su ne abubuwa ukun nan da na lissafa.

Akwai masu kyakkyawar niyya da ke cewa, a bar wannan tone-tone, ai duk abu ɗaya ne, Allah ɗaya muke bauta wa. Na fahimci abin da suke gudu, amma ban bi su ba. Faɗin haka rage wa Musulmi addininsa ne, rage wa Kirista nasa ne, kuma zaman lafiyar da aka gina kan ɓoye gaskiya ba ya jure rana mai zafi. Muna da abin koyi a tarihinmu. Wajen shekarar 615, da azabar Ƙuraishawa ta yi yawa, wurin sarki Kirista aka tura sahabbai, Najjashi na Habasha. Da ƴan aiken Makka suka so su haɗa su faɗa da shi, sai suka ce a tambaye su me suke cewa game da Isa. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib, wanda ya riga ya karanta wa sarkin ayoyi daga Suratu Maryam, bai lanƙwasa harshe don neman mafaka ba. Ya faɗi aƙidar Musulunci yadda take, a gaban manyan limaman fada, ransa da na ƴan uwansa a hannun mai sauraro. Sarki ya ji, ya ƙi miƙa su.

Saura tambaya guda, wadda su kansu ba su gama da ita ba: gaskatawa kaɗai ta isa, ko sai da baftisma? Kuma wanda aka yi wa baftisma ya bar gaskatawa fa? A wurin Katolika baftisma ce ƙofa, da ruwa, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Suna yi wa jarirai, babba kuma sai ya daɗe yana ɗaukar karatu kafin a yi masa, kuma sun ce tambarinta ba ya gogewa. Mutanen bishara sun ce a'a, ba a gadon bangaskiya. Haihuwa a gidan fasto ba ta mai da kai mai bi. Sai mutum ya yi hankali, ya tuba, ya shaida da bakinsa a gaban ekklisiya, sannan a nitsar da shi cikin ruwa. Shi ya sa za ka ji suna cewa wane "Kiristan suna" ne, kamar yadda mu ma muke da namu da ba sa kallon gabas sai ran idi. Dukansu kuma sun yarda cewa hali shi ke gaskata baki, wanda ya ce yana bin Almasihu yana zaluntar maƙwabci ya ƙaryata kansa.

Wannan ma muna da misalinsa daga jiharmu. Wani yaro, Dorugu, an haife shi wajen 1840 a Dambanas, can wajen Kance. Aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har Kukawa ta Barno, inda Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ƴanta shi tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852 suka koma hannun Barth, suka bi shi har Tumbutu, suka ƙetare hamada da shi zuwa Ingila a 1855. A can suka zauna wurin wani ɗan mishan, James Schön, wanda ke fama da rubuta Hausa. Daga bakin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram, ya kwashi kalmomi da tatsuniyoyi da labarin tafiyarsa, da taimakonsa kuma ya ci gaba da juya sassan Linjila zuwa Hausa. Aka yi wa su biyun baftisma a Ingila, aka raɗa wa Dorugu James Henry, Abbega kuma Frederick Buxton.

Abbega ya riga dawowa. Ya zauna a Lakwaja, ya koma Musulunci, har ya yi sarautar garin. Dorugu ya dawo a 1864, ya yi shekaru yana tafinta wa Turawa, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912. In ka kai wa fada labarin Abbega, zai ce baftismar tana nan, mutumin ne ya bar gida, kuma in zai dawo ba sai an sake yi masa ba. In ka kai wa faston EERN, zai ce ruwa bai taɓa mai da kowa mai bi ba, abin da ke zuci ne, kuma Abbega ya nuna nasa. In ka kai wa limamin Lakwaja, zai ce mutumin ya yi shahada, ya yi salla a bayansu, Musulmi ne. A kan abu ɗaya su ukun ba za su yi gardama ba: daga ranar da ya ce Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a gicciye shi ba, ba wanda zai ƙara lissafa shi cikin masu bin Shaidar Nikiya, ko da sunan Frederick na nan a rubuce cikin littafin wata majami'a a Ingila.